Tambayi Likita: Kaɗaici da camfin lamba

Tambaya: Likita, barka da aiki. An kawo ni aure Fatakwal, maigida yana fita da asuba sai bayan isha'i, ban san kowa ba. Barci ya ƙaurace mini, ƙirjina ya yi nauyi, amma gwaji ya nuna ƙalau nake. — Wata amarya

Amsa: 'Yar'uwa, tunda an duba zuciya da jini, kaɗaici nake zargi. Idan zaman shiru ya yi tsawo, jiki yakan ɗauka yana cikin haɗari, sai barci ya tsittsinke, bugun zuciya ya ƙaru, a kwana a tashi har hawan jini ya shigo. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 a duniya na fama da kaɗaici. Ingila ma har minista ta naɗa masa a 2018.

Hirar WhatsApp da 'yan gida tana rage zafi, amma ba ta isa ba. Ki nemi inda za ki riƙa haɗuwa da rukunin mutane ɗaya kowane mako, ko Islamiyyar matan aure, ko adashi, ko koyon ɗinki. Sabo a hankali yake shiga, kada ki yanke ƙauna don zuwan farko babu wadda ta kula ki. Maigida kuma a gaya masa a fili, don maza da yawa gani suke in an cika rumbu an gama komai. Idan kika yi mako 2 kina kuka, abinci ya fita ranki, ko kuma duk lokacin da kika ji gara mutuwa, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ba da jinkiri ba.

Tambaya: Na zo sarin kaya Guwanzo a ƙasar Sin, aka ba ni ɗaki mai lamba 4. Abokan ciniki sun ce lambar mutuwa ce, ga shi zazzaɓi ya rufe ni. — Ɗan kasuwa

Amsa: Alhaji, Sinawa na gudun 4 ne don furucinta ya yi kama da na "mutuwa" a harshensu. Turawa 13 suke tsoro, 'yan Italiya 17. Ɗakin bai yi maka komai ba. Ka je asibiti yau, ka faɗa musu daga Najeriya kake, a yi maka gwajin zazzaɓin cizon sauro, don ba shi likitocin can suke fara kawowa a rai ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 ba ya tsayawa a kan 7. In ya ƙirga taku ko wanke hannu ya faɗa kan 7, sai ya sake, wai wani zai mutu. Aljanu ne? — Uwa, Zariya

Amsa: Hajiya, wannan ya wuce camfi, ya yi kama da ciwon waswasi. Tunani mai ban tsoro ne ke kutso masa, sai ya maimaita aikin ya ɗan samu sauƙi, sauƙin nan kuma shi ke ƙara ɗaure shi. Yawancin masu ciwon sun san abin ba hankali, shi ya sa suke ɓoyewa su janye daga abokai. Duka da gori ƙara rura shi suke yi. Yana jin magani: ana horar da mutum ya tsaya a kan abin da yake tsoro ba tare da ya maimaita ba, a haɗa da ƙwaya idan da buƙata, wadda kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninta. Addu'a ba ta hana wannan. Ki kai shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin Barnawa a Kaduna.