Kotu ta kori ƙarar ƙanena a Amurka, kwana nawa ya rage ya ɗaukaka?

Tambaya: Salam Barista. Ƙanena yana gidan yarin jiha a Amurka, ya kai ƙarar habiyas kofas (wato ƙarar ƙalubalantar halascin ɗaurin) kotun tarayya kan cewa an tauye haƙƙinsa wajen shari'a, yanzu alƙali ya kori ƙarar. Wani ya ce mana yana da shekara guda kafin ya ɗaukaka, muna ta haɗa kuɗin lauya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya kawo masa mafita. Gaskiya wanda ya faɗa muku haka ya haɗa abu biyu ne. Shekara gudan nan ta dokar 1996 ce, kuma ta shigar da ƙarar ce tun farko, wannan ya riga ya wuce ta. Ɗaukaka ƙara kuwa kwana 30 ne kacal ga wanda ke hannun jiha, 60 in fursunan tarayya ne, kuma lissafin daga ranar da aka shigar da hukuncin a rajistar kotu yake farawa, ba ranar da wasiƙa ta iso hannunsa ba, Asabar da Lahadi duk a ciki, sai dai in ranar ƙarshe ta faɗo a kansu ko ranar hutu to sai a matsa zuwa ranar aiki.

Dan Allah kar ku jira kuɗin lauya su cika. Takardar sanarwar ɗaukaka ƙara ko shafi ɗaya ba ta cikawa, sunansa, lambar ƙara, hukuncin da yake ƙalubalanta da kotun da zai je, shi kenan, ya sa hannu ya aika wa kotun da ta kore shi ɗin. Hujjoji daga baya ne.

Abin da ya sa nake matsawa shi ne shari'ar Bowles ta 2007. Mutumin yana ɗaure a Ohayo, wa'adin ɗaukaka ƙararsa ya wuce aka sake buɗe masa, alƙali da kansa ya rubuta masa kwana 17 alhali a sake buɗewa doka 14 ta ce, ya kai takardarsa a kwana na 16, wato ya bi abin da alƙali ya gaya masa, amma Kotun Ƙoli da alƙalai 5 kan 4 ta ce ya makara, babu kotun da ke da hurumin saurarensa. Ni wallahi har yau ina ganin an kware shi, amma dokar ke nan, a wannan wa'adin ba a jin uzuri irin wanda wani lokaci ake ji a na shekara guda.

Akwai sauƙi guda ga ɗan kaso tun shari'ar wani fursuna mai suna Houston ta 1988: ranar da ya miƙa takardar ga ma'aikatan gidan yari don a aika ita ce ranar shigarwa. Sai dai ya bi ta akwatin wasiƙun shari'a in gidan yana da shi, ya haɗa da rantsuwa a rubuce mai ɗauke da kwanan wata da cewa an biya kuɗin kan sarki, ya kuma riƙe kwafi.

In kuma kwana 30 ɗin sun riga sun wuce, yana da wasu 30 ya roƙi ƙari da dalili mai ƙarfi. In ko sanarwar hukuncin ce ba ta same shi ba cikin kwana 21, misali an canja masa gidan yari, zai iya roƙon a sake buɗe masa kwana 14, amma roƙon ya shiga cikin kwana 14 da samun labari kuma kar ya haura 180 daga hukunci.

Sannan zai buƙaci takardar izinin ɗaukakawa daga alƙali, in na ƙasa ya hana sai ya nema a kotun sama, amma jiran ta ba ya tsayar da lissafi. Yau ɗin nan in ya kira ki tambaye shi kwanan watan da ke kan hukuncin, ku ƙirga tare.