Ƙaramar Kyamara Ko Wadda Ake Canza Wa Gilashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, kuma ɗaukar hoto sha'awa ce a wurina, ba sana'a ba. Da waya nake ɗauka, amma duk lokacin da na je bikin kamun kifi na Argungu, sai masunta su fito ƙanana kamar kiyashi. Na tara ɗan kuɗi, to wacce ta fi dacewa da ni, ƙaramar kyamara ta aljihu ko babba wadda ake canza wa gilashi?

Daga wani mai karatu, Birnin Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babbar za ka saya, kuma ga hujjata.

Kada yawan megafiksel da aka rubuta a jikin kwali ya ɗauke maka hankali, domin abin da ke raba kyamarori shi ne girman sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a ciki. A ƙananan kyamarori masu inganci, irin Sony RX100 da ta fito a 2012, girmansa milimita 13.2 ne da 8.8, a manya na masu koyo kuwa, irin Nikon D3500 da Canon 2000D, kusan ninki uku ne na wannan. Da rana tsaka ba lallai ka ga bambanci ba, sai bayan magariba ko a ɗakin taron biki, inda hoton ƙaramar ke yin dishi-dishi.

Matsalarka ta Argungu dai ta nisa ce. Mai kallo yana bakin kogin Matan Fada, masunta suna tsakiyar ruwa da gorunansu da homa, kuma lokacin da wani zai ɗago giwan ruwa bai wuce ƙiftawar ido ba. Ƙaramar kyamara mai babban sensa galibi ba ta jawo abu daga nesa sosai, wadda ke jawowa kuwa sensanta bai fi na waya da wani abin kirki ba. A babbar, gilashin Canon mai milimita 55 zuwa 250, ko na Nikon mai 70 zuwa 300, zai kawo maka fuskar masunci har da ruwan da ke ɗiga daga gemunsa. Saboda haka ka raba kuɗinka biyu tun daga gida, kada ka ƙarar da shi a kan gangar jikin kyamara ka dawo da gajeren gilashin da ke zuwa da ita kaɗai.

Sai batun ƙura, wadda mu a nan mun san halinta a lokacin hunturu. Duk sanda ka cire gilashi ka buɗe mata ƙofa, don haka ka canza shi a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. Ƙaramar ma ba ta tsira ba, domin gilashinta da ke fita yana komawa yakan zuƙi ƙura, kuma ita sai an kwance ta, alhali babbar ana hure mata sensa da ɗan famfon roba.

Tun 2018 Canon da Nikon suka karkata zuwa kyamarori marasa madubi, shi ya sa masu madubi a ciki, irin D3500 da 2000D, na hannu suka yi sauƙi. Suna da wata fa'ida ga mai fama da rashin wuta: batirin D3500 yana kai wa hoto kusan 1,550, marasa madubi da yawa kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Idan ta hannu za ka saya, ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka haska gilashin da tocila ko akwai funfuna, sannan ka ɗauki farin bango a kan f/16, wato ka tsuke ƙofar shigar haske ta gilashin. Idan akwai datti a sensa, zai fito ɗigo-ɗigo.

Sharaɗi ɗaya ne: idan ka san nauyin jaka zai sa ka riƙa barin ta a gida, ka sayi ƙaramar, ka kuma je bakin ruwa da wuri don samun wuri a gaba.