Odita ya ƙi tsayawa kan littafina, kallon ɓarawo yake min?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar manoma a Tudun Wadan Zariya, shekara 6 ko kwabo bai taɓa ɓata a hannuna ba. Bana aka kawo odita, wato mai binciken lissafin kuɗi, na miƙa masa littafin shiga da fita, amma bawan Allahn nan sai da ya rubuta wa bankinmu da kansa, ya shiga sito ya ƙirga buhunan taki, har rasit ɗin kuɗin mota yake nema. Wallahi raina ya sosu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Ma'aji, ka kwantar da hankalinka, ba zarginka yake ba. Shi odita hannu zai sa a rahoto ya ce lissafin nan gaskiya ne, to da me zai kare kansa in an tambaye shi? Ba zai ce ai ma'ajin mutumin kirki ne ba. Ƙa'idar aikinsu, ISA 500, cewa ta yi ya tara hujja isasshiya kuma mai inganci, kuma hujja hawa-hawa ce, littafin da ka rubuta da hannunka bai kai takardar da banki ya aiko masa kai tsaye ba, fotokwafi bai kai na asali ba, maganar baki kuwa ita ce ƙarshen layi. Buhun da ya taɓa da hannunsa a sito ya fi wanda ya gani a takarda, gani ya kori ji.

Ka dubi Wirecard, wani kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Jamus, a 2020. Takardu sun nuna akwai Yuro biliyan 1.9 a bankuna biyu na Filifin, da aka tuntuɓi bankunan sai suka ce takardun bogi ne, a watan Yunin shekarar kamfanin ya durƙushe. Ni in na ga odita bai tuntuɓi banki ba a nan ne hankalina ke tashi.

Kuɗin mota kam na san direban da ya ɗauko taki daga Sabon Gari ba ya yawo da rasit, sai ka tanadi bauca, wato takardar shaidar biyan kuɗi, ka rubuta kwanan wata da adadin buhu da lambar mota, direba ya sa hannu ko ya dangwala, ciyaman ma ya sa nasa a ranar, kar a bari sai ƙarshen shekara.