Amsa ga Malama mai tambayar aikin hannu na 'yan aji ɗaya da aji biyu

Wa'alaikumussalam Malama, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki, cewa an ba ki 'yan aji ɗaya da aji biyu kuma an sa miki darasin zane da aikin hannu, yara sun yi yawa kayan aiki ba su da yawa, sannan duk abin da kika kawo sai rabin aji su ce "Malama ban iya ba, ki yi min". Na ga 'yan'uwa sun turo miki hotunan abubuwa masu kyau, Allah ya saka musu da alheri, amma ni ta wani gefen zan zo, domin na daɗe ina koyar da yara masu waɗannan shekarun kuma gaskiya ba rashin abin yi ne yake ba da wahala ba.

Wannan "ban iya ba" ɗin, yawanci daga samfurin da ake ɗagawa a gaban aji take fitowa. Babba ya zauna da daddare ya yanka fure tsaf tsaf da hannunsa na babba, gobe ya ɗaga ya ce kowa ya yi irin wannan, toh yaro ɗan shekara 6 ya kalli na malama ya kalli nasa ai dole ya ajiye almakashi. In an gama sai a manna furanni iri ɗaya sak a bango, iyaye su zo su yaba, amma in aka bi diddigi hannun malama ne ya yi mafi yawan aikin. Ni abin da nake nuna musu shi ne yadda ake sarrafa kayan aikin, yadda babban yatsa yake zama a sama in an riƙe almakashi, yadda ɗaya hannun yake juya takardar, yadda ake ɗiga gam ɗan kaɗan, yadda ake wanke burushi kafin a tsoma shi a wata kalar. Abin da za a ƙera da su kuma na yaro ne, ba na sa masa hannu a takardarsa sam. In zan nuna wani abu sai na ɗauki tawa takardar na nuna a gefe, in na gama na kife ta.

Kuma dan Allah kada zanensu ya tayar miki da hankali. Akwai wani masanin koyar da zane mai suna Viktor Lowenfeld, tun 1947 ya yi bayanin matakan da zanen yara yake bi. Daga shekara 2 zuwa 4 zane ne na kwaramniya kawai, layi ko'ina. Daga 4 zuwa 7 sai ki fara ganin mutum mai ƙaton kai, ƙafafu biyu suna fitowa daga kan kai tsaye babu ciki babu wuya, abubuwa suna yawo a takarda ba sama ba ƙasa, kala kuma wadda ransa ya so, akuya ma tana iya zama kore. Daga 7 zuwa 9 ne yake ja layi a ƙasan takarda ya jera komai a kai, sama kuma ya yi mata zirin shuɗi can a saman takardar, wani ma ya zana gida ana hango mutanen da ke ciki ta bango. Naki yaran suna tsakanin mataki na biyu da na uku ne. Ba kuskure suke yi ba balle a gyara, haka kowa ya bi, kuma in kika tilasta masa ya sa wuya da kafaɗa kafin lokacinsa zai sa don ya faranta miki, gobe ya koma yadda yake.

Abin da zan ce ki fara da shi shi ne yagar takarda, ba almakashi ba fenti. Tsofaffin jaridu, mujallu masu kala, bayan kalanda, duk abin da ya samu. Su yaga ƙanana ƙanana su manna a kan kwali. Za ki ga kamar wasa ne amma yagar tana sa yaro ya haɗa babban yatsa da manuni a hannu biyu lokaci ɗaya, kuma waɗannan yatsun su ne suke riƙe fensir, shi ya sa in kika lura yaron da rubutu yake ba shi wahala sau da yawa a yagar ma za ki ga yana fizga da dukan hannu. Babban amfaninta kuma babu wanda zai ce bai iya yaga takarda ba. In hannu ya saba sai ki kawo almakashi marar tsini, su fara da datsa siririyar takarda sau ɗaya sau ɗaya, sannan miƙaƙƙen layi, sannan lanƙwasa. In kina da waya ki nuna musu aikin Henri Matisse, shahararren mai zane ɗan Faransa, wanda bayan an yi masa tiyata a 1941 ya kasa tsayawa ya yi fenti yadda ya saba, sai ya koma yanka takardu masu kala da almakashi ana manna masa. Akwai wani aikinsa na dodon koɗi da ya yi a 1953, guntayen takarda ne masu kusurwa aka jera suna zagaye, yara in sun gani sai su ce ai mu ma za mu iya, kuma suna iyawa ɗin.

Haɗa kala kuwa ki ba shi darasi guda shi kaɗai, kada ki haɗa shi da zana wani abu. Kala uku kawai za ki ba su, ja da rawaya da shuɗi, ɗan kaɗan a murfin roba. Kada ki faɗa musu abin da zai fito. Wallahi ranar da yaro ya cakuɗa rawaya da shuɗi ya ga kore ya fito da hannunsa, ihun da zai yi sai ajin kusa sun ji, kuma ba zai taɓa mantawa ba, ba kamar in an rubuta masa a allo ya haddace ba. Ja da rawaya su ba da ruwan lemo, ja da shuɗi su ba da shunayya, ko da yake in fentin ba mai kyau ba ne shunayyar takan fito da duhu kamar ruwan ƙasa, wannan daga fentin ne ba daga yaron ba. A ƙarshe kusan kowa zai cakuɗa ukun gaba ɗaya ya samu kalar taɓo, ki bar su, shi ma ilimi ne. Wani abin lura a nan, in kika ga yaro kullum yana rikita ja da kore, kada a ce masa ba ya ji, akwai matsalar rarrabe kala da ake gado kuma ta fi yawa nesa ba kusa ba ga yara maza, sai ki sanar da iyayensa a duba masa ido.

Bayan wannan akwai buga hoto, a shafa fenti a bayan ganye wajen da jijiyoyin suka fito a danna a takarda, ko murfin kwalba, ko guntun soso, ko tafin hannu. Akwai kuma sa ganye ko tsabar kuɗi a ƙarƙashin takarda a goga kireyon a kwance har siffar ta fito. Da kuma rubuta abu da farin kireyon ko kyandir a farar takarda a shafa kalar ruwa a kai, sai rubutun ya bayyana saboda kakin ba ya shan ruwa. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani, kina nunawa sau ɗaya sun ɗauka.

Inda nake so ki fi ba da ƙarfi shi ne yumɓu. Duk cikin ayyukan nan ban ga wanda yake kwantar da aji kamar sa ba, yaron da ba ya iya zama minti biyu a benci sai ki ga ya yi shiru yana murzawa. In babu yumɓu ki kwaɓa kofi 2 na fulawa da kofi 1 na gishiri da ruwa kamar kofi 1, kina zuba ruwan kaɗan kaɗan har ya daina manne wa hannu. Ranar farko kada ki ce su ƙera komai, su matsa, su daka, su mulmula, su murza shi ya yi tsawo kamar igiya. Rana ta biyu sai ki nuna musu yadda ake mulmula dunƙule a tura babban yatsa a tsakiya ana matsa gefe ana juyawa har ya zama ɗan kwano. Daga baya sai nannaɗa igiyar a kan juna ta tashi ta zama tukunya. Abin da yake sa yara kuka a nan shi ne in abu ya bushe sai ƙafa ko kunne ya ɓalle, toh ki koya musu tun farko cewa in za a haɗa guda biyu sai an karce wajen da tsinke an ɗan jiƙa shi da ruwa sannan a danna a shafe bakin, kuma kada a yi ƙafa siririya. A shanya a inuwa ba a tsakiyar rana ba, in ya bushe da sauri tsagewa yake yi, mai kauri kuma yakan ɗauki kwanaki. Ƙullun fulawa da gishirin nan ki ja musu kunne sosai kada kowa ya kai baki, gishirin ya yi yawa ga cikin yaro, kuma in akwai mai ciwo a hannu zai yi masa zafi, shi sai a nema masa yumɓu.

Saƙar takarda ita ma tana da kyau ga 'yan aji biyu, a tsaga takarda layi layi ba tare da an kai ƙarshe ba, a dinga cusa wata siririya sama ƙasa sama ƙasa. Tsohon abu ne, tun Friedrich Froebel ɗan Jamus da ya kafa makarantar ƙananan yara ta kindagatin wajen 1840 yake sa yara saƙa da naɗe takarda. Tana shiga lissafi ma, domin yaro yana koyon jeri da maimaitawa. Ga 'yan aji ɗaya sai ki yi layukan da faɗi.

Maganar yawan yara kuma, ki raba su rukuni rukuni, kowane rukuni da kwanon gam ɗaya da mai kula da kaya wanda ake canzawa duk mako, suna son wannan muƙamin sosai. In almakashi bai isa ba wani rukunin ya yi yanka wani ya yi yaga, mako mai zuwa a yi musanya. Ki gama duk bayaninki kafin kaya su sauka a tebur, domin da zarar fenti ya iso gabansu babu mai jin ki kuma. Kowa ya rubuta sunansa a bayan takarda kafin ya fara, in an jiƙa ta da fenti ba ta rubutuwa kuma rigimar "nawa ne" ba ta da daɗi. A shimfiɗa jarida a tebur, su zo da tsohuwar riga ta babba su ɗora a kan yunifom, ki ware minti goma na ƙarshe don gyara wuri kuma su ne za su gyara ba ke ba, wanke burushi da rufe gam duk cikin darasin ne. Reza da gam mai kama fata nan take kada su shigo ajin kwata kwata, duk yankan da ya fi ƙarfin almakashinsu ke za ki yi tun a gida. Ƙananan duwatsun ado da maɓallai ki sa ido, yara suna cusa su a hanci da kunne. Bahago kuma ki bar shi da hagunsa, ki zaunar da shi a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsu ta dinga karo da maƙwabcinsa, in an samu almakashin bahagwai ya fi, domin na dama yana rufe masa layin da yake bi kuma yana tauna takarda.

Sai abin da za ki faɗa in yaro ya kawo miki aikinsa. Kada ki ce "mene ne wannan?", yana jin haka ya san ba ki gane ba, jikinsa ya yi sanyi. Ki ce "ba ni labarin wannan", za ki sha mamakin abin da ke cikin ɗan zanen da kika ɗauka shirme ne, wani sai ya ba ki labarin gidansu kaf, in da hali ki rubuta jimla ɗaya daga bakinsa a ƙasan takardar ya ga maganarsa ta zama rubutu. "Ya yi kyau" kullum ma ba ta da wani amfani in kowa ita ake faɗa masa, gara ki ambaci abin da kika gani, "na ga ka cika takardar har gefe", "wannan koren kai ka haɗa shi?". Kuma kada a ɗaga na mutum ɗaya a ce shi ne ya fi, in za a manna a bango a manna na kowa, a daidai tsayin idonsu.

In makaranta ta ce sai kin ba da maki, ki nemi babban kwali ki naɗe shi biyu ga kowane yaro, ki dinga ajiye aikinsa da kwanan wata a jiki. Ƙarshen zango sai ki jera na farko da na ƙarshe, nan za ki ga riƙon almakashi ya gyaru, gam ya daina malala, mutumin da ba shi da ciki ya samu ciki da yatsu. A kan wannan za ki ba da makin, yaro da kansa ba yaro da ɗan'uwansa ba, kuma ranar da iyaye suka zo shi za ki buɗe musu. Ki fara da yagar takardar a darasinki na gaba, in kin yi ki turo mana hotunan a nan mu gani, musamman na waɗanda suke cewa ba su iya ba.