Ga mai neman kyamarar ɗaukar biki: ka leƙa ramin kati kafin ka ƙirga megafiksel

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka yi shekara biyu kana ɗaukar hoto da 'yar ƙaramar kyamararka, yanzu ka tara kuɗi kana so ka shiga ɗaukar biki da hoton fuska gadan-gadan, kuma ranka ya kwanta da wata sabuwa marar madubi (irin na zamani da ba su da madubi a ciki) mai megafiksel 45 wadda za ta lashe kuɗin kakaf. Kana tambaya ko ka saya. Ni dai shawarata ka dakata tukuna. Na haura shekara goma sha biyu a wannan sana'a, kuma akwai abin da ya same ni da ba na so ya sami kowa.

A shekarata ta uku na ɗauki wani biki da kyamara mai ramin kati guda ɗaya, wato wurin sa katin da ke ajiye hotuna. Tun safe nake aiki lafiya lau. Wajen ƙarfe tara na dare na koma gefe in duba abin da na ɗauka, sai allon ya nuna min wai katin ba ya karantuwa. Na kashe, na kunna, na zare katin na goge shi da gefen rigata na mayar, shiru. Ina tsaye a bakin ƙofar zauren, kiɗa na tashi, gumi na bin bayana, ƙanwar amarya tana yafito ni in zo in ɗauke su. Haka na sa wani kati na ƙarasa aikin zuciyata na dukan uku-uku. Da manhajar ceto hotuna na samo kusan kashi biyu cikin uku. Cikin waɗanda suka salwanta har da hoton kakar amarya, tsohuwa ce tukuf da aka kawo ta a kujera mai taya, ta kama fuskar jikarta da hannu biyu tana yi mata addu'a. Na gan shi da idona a allo lokacin da na ɗauka. Bayan wata biyar tsohuwar ta rasu, mahaifiyar amarya ta kira ni tana tambaya ko dai akwai inda hoton ya maƙale. Har yau in na tuna muryarta sai jikina ya yi sanyi.

Shi ya sa abu na farko da nake dubawa a kyamarar biki shi ne ramin kati biyu, a kuma saita ta tana rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda. Ka lura da wannan saitin, don wasu suna barinta a kan in na farko ya cika ta koma na biyu, wanda bai tsare ka daga komai ba. Ba ni kaɗai nake wannan magana ba. A 2018 da Canon ta fitar da EOS R, Nikon ta fitar da Z6, duk da rami ɗaya suka zo, masu ɗaukar biki suka yi ta ƙorafi. Zuwa 2020 Canon R6 da Nikon Z6 II duk sun zo da biyu. Sony A7 III ta 2018 tana da biyu, haka tsofaffin ƙarfe irin Canon 5D Mark III ta 2012 da Nikon D750 ta 2014. Kowace a cikinsu za ta yi maka biki ba kunya, kuma na hannunsu ba sa kusa da kuɗin wadda ka sa wa ido.

Batun megafiksel kuwa, 24 ya ishe ka har ya yi yawa. Megafiksel ɗaya ɗigon hoto miliyan ɗaya ne. Hoton megafiksel 24 faɗinsa ɗigo 6000 ne, tsawonsa 4000, za ka wanke shi ya kai kusan santimita 50 da 34 tas, ba ko dishi-dishi. Canon 5D ta farko ta 2005 megafiksel 12.8 gare ta, kuma da ita aka cika albam ɗin bukukuwa ba adadi. Abin da 45 zai ƙara maka shi ne katunan da ke saurin cika da kwamfutar da ke nishi in ka zuba mata hoto dubu biyu.

Kuɗin da ka rage, lensi za ka kai shi. A nan hoto yake. Lensin da ake haɗawa da kyamara a kwali, in ka zuƙo shi ƙarshe buɗewar idonsa f/5.6 ce (ƙaramar lamba bayan f tana nufin ido ya fi buɗewa). Ɗan 50mm mai f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kowane kamfani, hasken da yake shigarwa ya kusan ninka wancan sau goma. A zauren da fitilunsa ba su da ƙarfi, wannan ne bambancin hoto mai tsabta da hoton da ya yi hatsi-hatsi ko ya girgiza. Don hoton fuska ni 85mm f/1.8 nake ɗaura wa kyamara. Mutane suna cewa yana gyara fuska, amma gaskiyar ita ce tazarar da yake tilasta maka ce ke gyarawa. In ka matso dab da mutum da lensi mai faɗi, hancinsa ya fi kunnensa kusa da kai sosai, sai hancin ya kumbura, kunnen ya tsuke. Ja da baya taku huɗu ko biyar, komai ya koma daidai yadda ido ya saba gani. Idan hali ya samu nan gaba, 24-70mm f/2.8 shi ne jakin aiki, zai ɗauke maka fiye da rabin yini. Shi kuma 70-200mm f/2.8 yana da kyau ƙwarai wajen ɗauko hawaye da murmushi daga nesa ba tare da ka shiga tsakanin mutane ba, sai dai tsohon samfurinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, bayan awa goma kafaɗarka za ta gaya maka.

Kada daɗin bayan hoto mai narkewa ya ɗebe ka. Na sha ganin sababbin shiga sun jera dangi sahu biyu sun ɗauka a f/1.8, na gaba sun fito, iyayen da ke baya sun zama hazo. Mutum ɗaya ko biyu ka buɗe idon lensi, taro kuwa ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8. Mutane na motsi, kada saurin ƙiftawar kyamara ya yi ƙasa da 1/200 na daƙiƙa.

Sai haske. Filasha guda mai kan da ke juyawa, ka harba ta silin ko bango fari hasken ya dawo a tausashe, ta fi maka sabuwar kyamara amfani. Kuma ka riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Fararen kaya kusa da fata mai duhu suna rikita awon hasken kyamara: ko kayan su ƙone ɗinkin ya ɓace, ko fuska ta nutse. Ni ina tsare farin kada ya ƙone, in ɗago fuskar a wajen gyara, abin da JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, ba zai ba ka sarari sosai ka yi ba.

Ba na kushe marar madubi, ita nake riƙewa yanzu. Yadda take kama ƙwayar ido ta bi shi ko amarya na tafiya, wannan ci gaba ne na gaske, ya rage min hotunan da nake zubarwa. Kamfanonin ma can suka karkata, kuma da adafta tsofaffin lensin Canon da Nikon suna hawa sababbin kyamarorin. Amma tana shan batir fiye da DSLR mai madubi, ka tanadi uku aƙalla. Ka kuma yi hattara da ɗauka marar ƙara a ƙarƙashin wasu fitilun LED, sai ka dawo ka tarar da zane-zane a kwance a hoton. Ka gwada tun kafin baƙi su shigo, in ka ga haka ka koma ƙiftawa ta inji.

Ƙaramar kyamarar nan taka kada ka sayar da ita don cikon kuɗi. Ka rataya ta a kafaɗa ko ta zauna a jaka da batir cike. Ranar da babbar ta faɗi ko ta ƙi tashi ana tsakiyar taro, ita ce za ta fitar da kai kunya. In kuwa za ka iya, ka sayi babbar daga kamfani ɗaya da ita don su riƙa musayar lensi da filasha.

Idan ta hannu za ka saya, ka nemi a nuna maka adadin ƙiftawar da ta yi. 5D Mark III da D750 an ƙiyasta musu kusan 150,000, saboda haka wadda ta yi 30,000 tana da sauran rai mai yawa. Ka je da katunanka biyu ka gwada ramukan duka, ka ɗauki farin bango a f/16 ka duba ko akwai tabo ko ƙarzuwa a sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ka murɗa kowane maɓalli. Kafin ka karɓi bikin kanka kuma, ka bi wani babba a matsayin mai ɗauka na biyu ko sau uku ne, da kyamarar da ka saya a hannunka, har yatsunka su san inda komai yake a cikin duhu.

Ka faɗa min wace kyamara ce a hannunka yanzu da lensin da kake da su, sai in gaya maka wadda za ta fi dacewa da su cikin waɗanda na ambata. Allah Ya sa albarka a sana'ar.