Sanƙo ya leƙo: wane magani zan tambayi likita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 29. Kwanakin baya mai aski ya ɗaga mini madubi ta ƙeya, sai na ga tsakiyar kaina ta fara haske, gashin wurin ya yi laushi kamar na jinjiri. Mahaifina da kawuna duk masu sanƙo ne. Da na yi bincike, sunaye uku nake ta cin karo da su: finasteride, dutasteride da minoxidil. Wanne ya fi? Kuma da gaske ne akwai wanda ke rage wa namiji ƙarfi? Ban yi aure ba tukuna, abin da ya fi damuna ke nan.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gashin nan mai laushi da ka gani alama ce mai kyau, domin yana nuna saiwar na da rai. Magungunan nan uku duk a kan saiwa mai rai suke aiki. Inda kai ya riga ya yi sumul yana sheƙi shekara da shekaru, babu ƙwayar da za ta tsiro da gashi, sai dai dashe.

Sanƙon gado daga sinadarin maza yake farowa. Jiki na juya wani ɓangare na wannan sinadari, wato testosterone, ya koma wani sinadari mai suna DHT, shi kuma DHT ya riƙa tsuke saiwar gashin gaba da na tsakiyar kai a wurin wanda ya gaji abin. Duk gashin da ya zube, wanda zai maye gurbinsa ya fi shi siriri da gajarta, har a wayi gari babu komai. Gashin ƙeya da na gefen kunne bai cika jin DHT ba, shi ya sa kake ganin mahaifinka da zoben gashi a zagaye.

Finasteride shi ke tare hanyar da ake ƙera DHT ɗin. Kamfanin Merck ya fara fitar da shi a 1992 da sunan Proscar, miligiram 5, don tsofaffin da furosteti ya kumbura musu, wato ƙullun nan da ke ƙarƙashin mafitsara wanda ke hana fitsari fita sosai. A 1997 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ƙaramin awo, miligiram 1 a rana, don sanƙo, da sunan Propecia. Yana rage DHT na cikin jini da kusan kashi 70 cikin 100. A gwajin da aka yi kafin amincewar, kashi 83 cikin 100 na masu shan sa ba su ƙara asarar gashi a tsakiyar kai ba bayan shekara biyu, alhali cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki, kashi 28 ne kawai suka tsira. Ka lura da abin da alƙaluman ke faɗi: ƙarfinsa a riƙe abin da ka mallaka yake. Wasu gashinsu ya ƙaru, amma kada ka sa ran kan da kake da shi a shekara 18. Kuma aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi: lungunan goshi biyu da suka riga suka ja baya su ne mafi taurin kai ga kowane magani.

Yanzu maganar da ta fi damunka. Ba ƙarya ba ce, amma an fi ƙarfinta da zuzutawa. A wancan gwajin, kusan mutum 4 cikin 100 ne suka yi ƙorafin raguwar sha'awa, ko rashin ƙarfin gaba, ko raguwar maniyyi. Cikin masu shan ƙwayar banza ma an samu kusan 2 cikin 100 da irin wannan ƙorafi, ka ga fargaba ita ma tana da nata aikin. Mafi yawansu sun warware da suka daina sha. Sai dai akwai 'yan tsirarun da suka ce matsalar ta zauna musu bayan sun daina, har FDA ta sa aka ƙara wannan gargaɗi a takardar maganin a 2012. A 2025 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar cewa tunanin kashe kai na cikin illolin da ka iya biyo bayan shan sa. Saboda haka in ka taɓa fama da ciwon damuwa, ka faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro. In kuma ka fara sha ka ji ranka yana ɓaci ba dalili, ka ajiye shi ka koma wurinsa.

Dutasteride yayan finasteride ne. Hanya biyu yake tarewa maimakon ɗaya, yana rage DHT da sama da kashi 90, kuma a gwajin da aka haɗa su ya ɗan fi tsiro da gashi. Koriya ta Kudu ta amince da shi don sanƙo a 2009, Japan a 2015, amma a Amurka don furosteti kawai aka yi masa rajista, duk da likitoci kan rubuta shi don gashi. Abin da ya sa ban so ka fara da shi ba shi ne daɗewarsa a jiki. Finasteride rabinsa kan fita cikin 'yan awoyi, dutasteride sai ya kwashe kusan mako biyar. In bai karɓe ka ba, za ka daɗe kana jiran ya sauka. Ko ba da gudummawar jini, mai shan finasteride wata ɗaya ake ce ya jira bayan ya daina, mai dutasteride wata shida.

Minoxidil daban yake, ba ruwansa da sinadarin maza. Asalinsa maganin hawan jini ne mai tsanani, sai aka lura masu shan sa gashi na fito musu ko'ina. Daga nan aka mayar da shi na shafawa a 1988. Na shafawar, a ƙasashe da yawa ba ya ma buƙatar takardar likita. Matsalarsa ɗawainiya: safe da dare, kan busasshen kai, ga ƙaiƙayi da amosani ga wasu. A makonnin farko za ka ga gashi ya ƙaru a kan matashin kai da bakin mataji, hankalinka ya tashi. Tsohon gashi ne ke ba sabo wuri, a nan mutane da yawa ke jefar da kwalbar. Minoxidil na sha kuwa, wanda likitoci ke rubutawa da ƙaramin awo, ya fi sauƙin bi, amma har yanzu maganin hawan jini ne: yana iya kawo kumburin ƙafa, bugun zuciya da sauri, jiri, da gashi a kumatu da bayan hannu. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya yi hattara.

Da ni ne kai, zan fara zuwa wurin likitan fata ya tabbatar sanƙon gado ne, domin makero da wata cuta mai cin gashi tabo-tabo kamar kwabo maganinsu daban. In ya tabbata, finasteride miligiram 1 tare da minoxidil na shafawa, domin haɗin ya fi kowanne shi kaɗai. In fargabar ƙwayar ta hana ka barci, ka fara da na shafawa, amma ka san DHT na can yana aikinsa. Ka sa wani ya ɗauki hoton tsakiyar kanka yau, a haske ɗaya, da tsayin aski ɗaya, ka maimaita duk bayan wata uku. Madubi kullum yaudara yake yi. Kafin wata shida ba a yanke hukunci, cikakken sakamako sai shekara.

Tambaya: Maigidana yana shan finasteride, ni kuma ina da ciki wata uku. Akwai haɗari?

Amsa: Allah Ya raba lafiya, 'yar'uwa. Abin kiyayewa shi ne kada ki taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka raba, domin maganin na iya ratsa fata ya taɓa halittar al'aurar ɗa namiji a ciki. Ƙwaya lafiyayya tana da rufi a jikinta. Wasu maza kan sayi mai miligiram 5 su riƙa yankawa gida huɗu. In haka yake yi, ya daina yi a inda kike, ya goge garin, ya wanke hannu. Ki kuma ambata wa likitar da ke duba cikinki.

Tambaya: Shekarata 52, na shekara uku ina shan finasteride, zubar gashin ta tsaya. Zan iya dainawa haka?

Amsa: Za ka iya, Yallabai, amma cikin kusan shekara ɗaya duk abin da maganin ya riƙe maka zai tafi, kanka ya koma inda da zai kai in ba ka taɓa sha ba. Ga wani abu da ya fi gashin muhimmanci a shekarunka: finasteride na rage sakamakon gwajin PSA, wanda ake binciken kansar furosteti da shi, da kusan rabi. Duk ranar da za a ɗebi jininka don wannan gwaji, ka faɗi sunan ƙwayar da tsawon lokacin da ka yi kana sha.