Likita, Naman Jikina Yana Motsi, Gabana Yana Faɗuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 24, ina noman rani a yankin Kura. Wata huɗu ke nan naman sharaɓata da fatar idona suna motsi da kansu, musamman in na kwanta. Zuciyata kuma takan buga da ƙarfi, gabana ya yi ta faɗuwa ba gaira ba dalili. Wasu sun ce iska ce, wani ya ce farkon shanyewar jiki ne. Barci ya ƙaurace mini. Me ke damuna?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Fara da gwada kanka. Yi tafiya a kan duga-duganka, sannan a kan yatsun ƙafa. Tsuguna ka miƙe ba tare da dafa ƙasa ba. Ɓalle maɓallin riga ka mayar. Idan duk ka yi su lafiya, kuma naman wurin bai zube ba in ka gwada shi da na ɗaya ɓangaren, to motsin nan da wuya ya zama na shanyewar jiki. Cutar jijiya mai haɗari da raunin gaɓa take zuwa, ba da motsin nama kaɗai ba.

A matasa irinka, mafi yawan lokaci fargaba ce tushen abin. Idan mutum yana cikin damuwa, jiki na sakin sinadarin adiranalin, wanda ke hanzarta zuciya ya kuma sa ƙananan jijiyoyin da ke ba tsoka umarni su riƙa harbawa da kansu. Mai fargaba kuma yana yawan numfashi sama-sama ba tare da ya sani ba. Hakan na fitar da iskar kabon fiye da kima, sai kalsiyam ɗin da ke aiki a jini ya ragu na ɗan lokaci, a ji yatsu da gefen baki kamar ana tsira musu allura. Daga nan sai mutum ya tsorata da abin da ya ji, tsoron ya ƙara adiranalin, barci ya gudu, rashin barcin ya ƙara motsin. Shi ya sa ka fi jin sa a kwance: da rana aiki ya ɗauke maka hankali.

Amma ba ma ɗora wa fargaba laifi sai mun bincika abin da ke shiga jikinka. Ka ƙirga shayin da kake sha a rana, musamman mai kauri na majalisa, da goro, da kofi, da lemukan ƙara kuzari. Dukkansu akwai kafeyin, sinadarin da ke wartsakar da jiki ya hana barci. Iyakar da ake ba babban mutum ita ce miligiram 400 a rana, amma mai fargaba kan ji a jikinsa tun bai kai nan ba. Rabin kafeyin ɗin da ka sha yana nan a jininka bayan kamar awa 5, wato shayin bayan isha'i yana tare da kai har tsakar dare. Ka rage a hankali cikin mako 2, don yankewa lokaci ɗaya na jawo ciwon kai, kuma kada ka sha bayan la'asar. Maganin asma irin su Ventolin, wasu magungunan mura, da tiramol, ko shan sa ko barin sa farat ɗaya, duk suna iya kawo wannan.

Tunda manomi ne kai, akwai abin da muka fi so ka lura da shi: maganin feshi. Magungunan ƙwari dangin fiya-fiya suna shiga ta fata da numfashi, su hana jiki rushe sinadarin da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta yi ta karkarwa. Alamarsu ita ce abin ya tsananta ranar feshi ko washegari, tare da zufa, yawan miyau, ciwon ciki, hawaye, da tsukewar ƙwayar ido. Kada ka gauraya magani da hannu tsirara, kada ka yi feshi kana fuskantar iska, ka yi wanka da sabulu ka sauya kaya kafin ka ci abinci. In alamun nan suka haɗu, asibiti kai tsaye, ka tafi da kwalbar. Nono ko manja ba sa karya wannan guba.

Zufar bazara ma na rage ruwa da gishirin jiki. Ranar da ka yi gumi sosai, ka haɗa gishiri da sukari na leda yadda aka rubuta a jikinta, galibi a lita 1. Cikin gishirin jikin da tsoka ke bukata akwai maginiziyam da fotasiyam. Gyaɗa, riɗi, wake da zogale suna da maginiziyam. Dankali, ayaba da dabino suna da fotasiyam.

Idan bugun ya taso, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na minti ɗaya cif. Daga 60 zuwa 100 daidai ne ga mai hutawa. Ka rubuta adadin, da lokacin, da abin da ka sha. Sannan ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, har minti 5. Bugun fargaba a hankali yake sauka. Wanda ya tashi farat ɗaya ya kai 150 ko fiye, ya kuma tsaya farat ɗaya, wannan daga wutar lantarkin da ke sa zuciyar kanta bugawa yake, yana bukatar awon bugun zuciya da na'ura wato ECG.

A babban asibiti ka nemi awon yawan jini, da na gishirin jiki, da na aikin ƙullutun maƙogwaro (tayirod) wato TSH, musamman idan kana ramewa alhali kana cin abinci, ko hannunka na rawa. Kada ka jira ko kwana ɗaya idan ka suma, ko ƙirji ya yi ciwo lokacin aiki, ko numfashi ya gaza, ko ƙafa ta kumbura, ko kuma wani a danginku ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi. Daga nan za a iya tura ka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Addu'a kuwa ka ci gaba da yi, ba ta hana awo. In awo ya fito lafiya, fargabar ce za a yi wa magani, kuma tana jin magani.

TAMBAYA: Likita, ni matar aure ce daga Ringim. Zuciyata na bugawa in na ɗebo ruwa, ga jiri. A kemis an ba ni ƙwayar kwantar da zuciya. In ci gaba da sha?

AMSA: Baiwar Allah, naki ya fi kama da ƙarancin jini, wanda haila mai yawa, haihuwa kusa-kusa, maleriya da tsutsar ciki ke kawowa. A auna jininki: ƙasa da giram 12 ga mace, ko 11 ga mai ciki, ƙaranci ne. Ƙwayar da aka ba ki, idan furofaranolol ce, wato maganin rage gudun zuciya, rufe alamar kawai take yi, kuma tana iya shaƙe mai asma. Idan kin daɗe kina sha kada ki yanke da kanki, ki kai wa likita kwalinta. In an rubuta miki maganin ƙarin jini, kada ki kora shi da shayi, don yana hana hanji tsotse shi, kuma ki ci gaba da sha wata 3 bayan jinin ya dawo daidai.